Gawar Ƙwayoyin Cuta a Kwanon Tabawa

Ku ji yadda Tabawa mai jiƙon sabara ta yi da Malam Sallau, jami'in duba magunguna, da ya garƙame mata rumfa.

Ya ce, "Iya, kin ce jiƙonki na kashe ƙwayoyin cuta. Kawo mini gawarsu, in buɗe miki."

Washegari ta same shi a ofis, mutane maƙil, ta dire kwano ta buɗe.

"Ga mamatan, yallaɓai. A yi musu sutura."

"Kwano wayam! Ni za ki raina wa hankali?"

"Ɗan nan, da ransu ma ka taɓa ganinsu da ido?"

"Sai da madubin awo."

"To, ɗauko shi mu gani. Ai da shi kake auna maganin kowa kafin ka ba shi lasisi, ko?"

Mutane suka zuba masa ido. Madubin kuwa ya daɗe da lalacewa, gizo-gizo har ya yi jikoki a ciki. In ya faɗa, lasisin kowa ya zama takardar ƙosai.

Sallau ya share gumi, ya leƙa kwanon.

"Lallai kam, sun mutu."

"Duka?"

"Duka, Iya."

"Allah ya jiƙansu. Miƙo mabuɗin."