Injiniyan da Aka Hana Sa Baki

Akwai wani injiniya da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Yanzu-Yanzu, don ko ruwan shayi ne ya yi jinkirin tafasa sai ya hau yi wa butar faɗa. Da ya gaji da aikin gina gadoji, sai ya koma jami'a neman digirin digirgir. Bincikensa a kan yadda ɗaliban injiniyanci ke koyo ne: a ina suke maƙalewa, kuma ta yaya suke fita.

Farfesar da ke duba aikinsa ta gindaya masa sharaɗi. Zai zauna a kusurwar ɗakin gwaji, kyamara na ɗauka, sababbin ɗalibai na haɗa 'yar ƙaramar gada da siraran katako da gam. Nasa kallo ne kawai. Ba magana, ba nuni.

To jama'a, kun dai ji sunan mutumin.

Ranar farko ya hango sun manna sanda a karkace. Ya yi tari, ba su gane ba. Ya ƙara tari yana zare ido. Kafin a ankara ya miƙe.

"Kai ɗan samari, matsa! Wa ya koya maka wannan aika-aika?"

Haka ya yi ta karɓe aikin daga hannun ɗalibai, rukuni bayan rukuni, har zangon karatu ya kusa ƙarewa. Gadoji duk suka tsaya cak, aka ɗora musu nauyi ko gezau. Ya tafi ofishin Farfesa yana hura hanci.

Ta kalli bidiyon, ta zare tabarau.

"Injiniya, gadojinka sun yi kyau. Ina ɗaliban?"

"Ai ga su nan, ranki ya daɗe."

"Ni ƙeyarka nake gani da hannuwanka. Su ka mayar da su 'yan riƙe maka gam. Saura rukuni ɗaya. In ka sake sa musu baki na janye daga aikinka, digirin kuma ya sha ruwa."

Ranar rukunin ƙarshe, gogan naku ya zauna a kan tafukan hannunsa. Samari biyu ne da budurwa ɗaya, kuma tun daga tushe suka manta sandunan gicciye. Ya gyara zama, ya kalli silin, ya kalli ƙofa.

Budurwar ta waiwayo. "Yallabai, haka ya yi?"

Amsar tana kan harshensa. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"Ƙanwata, yau ni kujera ce. Kujera ba ta magana."

Suka ɗora nauyi. Ƙaras! Gada ta zube.

"Kai ne ka yi rowar gam!" in ji ɗaya saurayin.

"Gam ɗin gidanku ne da zan yi rowarsa?" in ji ɗayan.

Budurwar ba ta kula su ba. Ta ɗauki wani ɓangare mai kusurwa huɗu tana jujjuyawa.

"Ku dakata, sarakan surutu. Ba karyewa ta fara yi ba, kwantawa ta yi gefe."

Ta danna ɓangaren da yatsa, ya karkace. Ta gitta masa sanda daga kusurwa zuwa kusurwa, ta sake dannawa. Bai motsa ba. Samarin suka kwashe da ihu suna rige-rigen ɗaukar katako. Abin da zai faɗa musu a numfashi ɗaya ya cinye musu awar darasin gaba ɗaya, amma da hannunsu suka gano shi.

Washegari Farfesa ta kalli wurin a bidiyo, ta mayar baya, ta sake kallo.

"Ka ga nan da ta danna da yatsa? Digirinka ke nan. Zauna mu fara rubutu."

Darasi: Ba kowane taimako ne taimako ba. In kana karɓe aiki daga hannun mai koyo duk sanda ya yi kuskure, kai za ka ƙara ƙwarewa, shi ya tashi a tutar babu. Yi haƙuri ka bar shi ya faɗi inda faɗuwar ba za ta ji masa ciwo ba. Ku tura wa malamai da iyaye, musamman wannan yayan naku mai fizge komai yana cewa "kawo nan, ba ka iya ba."