Lambar Majalisa da Masaukin 'Yan Mata

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku.

A wata jiha, jami'a ta buɗe sashen koyar da ungozoma, amma aji ya zama wayam, domin iyayen karkara sun ce 'ya'yansu mata ba za su kama haya a birni ba. Har an fara zancen rufe sashen, sai mutum uku suka cece shi. Da majalisar dokoki ta tashi karramawa, lambar yabo ɗaya tak ta ware, ta ɗora wa Hajiya Kubura, shugabar kwamitin ilimi, nauyin kawo suna.

Kubura ta fara da Malam Tanimu, manomin da ya ba da gonar gadonsa ta jikin katangar jami'a don a gina wa ɗaliban masauki. Tun ranar ƙannensa suka daina taka gidansa, wai ya kyautar da gumin ubansu. Ya ce, "Ranki ya daɗe, wataƙila in suka ji hukuma ta yaba, su dawo gaishe ni."

Daga nan ta je wurin Alhaji Ɗanlami, ɗan kasuwar fata. Shi ya yi ginin tun daga tushe, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya kuma sa aka rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a ƙofa. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, Tanimu ƙasa ya bayar. Ɗaliba gyaɗa ce da za a shuka ta?"

Amma ginin ya daɗe ba kowa ciki, sai da Inna Marka, shugabar ƙungiyar mata masu man gyaɗa, ta bi ƙauyuka gida-gida tana karɓar amanar 'yan matan. Ta bar ɗakinta ta tare a bakin ƙofar masaukin, ƙungiyarta kuma na ciyar da marasa hali. Da Kubura ta iso wurinta, Inna Marka ta kama hannunta ta ce, "'Yata, don Allah na yi. Kika kira sunana a rediyo, kin ƙone mini lada." A waje kuwa matan ƙungiyar suka tare Kubura, suka ce lambar ce kaɗai za ta jawo musu masu taimako.

Ranar zama, kakakin majalisa ya kira Kubura. Ta miƙe, ta gyara mayafi.

To jama'a, da ku ne a tsaye a wurin, sunan wa za ku faɗa?