Dutsen Ranau da Cinyar Ɓauna

Tun zamanin da giwa ke fasa hanya mutum ya bi, akwai wani maharbi da ake kira Ranau. Gajere ne, mai taurin kai, wanda ya baro garinsu tare da matarsa Kyauta da gida bakwai na danginsa saboda ya gaji da durƙuso. Maroƙa na yi masa kirari: “Ranau ƙaya a tafin mai gudu! Dutse, ko an rungume ka ba a ɗauka!”

Wata rana da bazara ya bi gwanki har saman wani babban dutse, ya saki kibiya, ya kuskure, shi da bai taɓa kuskure ba. Kibiyar ta shige tsagar dutse har rabinta. Da ya zare ta sai ruwa ya biyo ta, mai sanyi, yana kwarara. A nan suka kafa bukkokinsu.

A al'adar farauta ta wancan lokaci, duk wanda ya kashe babbar dabba sai ya kai wa mai ƙasa cinya. Ba naman ne abin ji ba. Wanda ka kai wa cinya ka yarda dajin nasa ne, kai da 'ya'yanka kuwa talakawansa ne. Ran da Ranau ya kashe ɓauna, Barde Ƙosau na Birnin Marke ya aiko manzo karɓar cinya.

Ranau ya ce, “Ka gaya masa cinya tana nan. Sai dai ba ta iya sauka da kanta.”

Barde ya taso da mayaƙa ɗari uku, suka kewaye dutsen. Mutumin fili ne, bai taɓa jin an sami ruwa a kan dutse ba, don haka ya ce ƙishirwa za ta sauko masa da su cikin kwana uku. Aka kwana tara. Ƙoramar da ke ƙasa ta ƙafe, mayaƙa suka koma tonon yashi da masu.

A sama ma ba daɗi ake ji ba. Hatsi ya ƙare, yara na kuka, dangi suka fara cewa a ba da cinyar nan a huta. Ran Ranau ya ɓaci ƙwarai. Ya rataya kwari zai sauka ya mutu a tsaye, Kyauta ta riƙe masa riga.

“Maigida, kibiyarka nawa? Su ɗari uku ne. Bar ni da su.”

Da rana tsaka ta ciko ƙorya, ta sauka ita kaɗai, ta ratsa mayaƙa har gaban Barde. Ta ce, “Sannu da zuwa, baƙonmu. Ga ruwa.”

Ƙishirwa ba ta san sarauta ba. Barde ya karɓa hannu biyu, ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindin ƙorya. Wani tsohon makaɗinsa ya sunkuyar da kai ya ce, “Ranka ya daɗe, ruwan baƙo ka sha, a gaban jama'a.” Kowa ya san ba a ba mutum ruwan baƙo a ƙasarsa, baƙo kuwa ba ya karɓar cinya a hannun mai masauki.

Barde ya daɗe yana duban ƙoryar. Ya ce, “Baiwar Allah, da wannan kika ci ni da yaƙi?”

Ta ce, “Ni ban ci ka ba. Maƙogwaronka ne ya gaya maka gidan wa ka zo.”

Aka shayar da mayaƙan ɗaya bayan ɗaya, suka kama hanya kafin la'asar.

Har yau ruwan yana nan. 'Yan makaranta da masu yawon Sallah sukan hau dutsen, su ga tsagar da ragowar ganuwar da mutanen Ranau suka gina, su yi wanka a kududdufin da ke gefe. Amma ba mai taka matakalar farko sai wata daga jikokin Kyauta ta miƙa masa ƙorya. Bara wani babban mutum ya zo da masu auna ƙasa zai kewaye wurin da waya. Iya Tasallah, tsohuwar da ke riƙe da ƙoryar yanzu, ta tare shi. Ya ɗaga mata gorar roba, ya ce yana da nasa ruwan.

Ta ce, “Ɗana, Ƙosau ya fi ka jama'a, ya kuwa sha.”

Ya dubi matan da suka yi cirko-cirko a bayanta. Ya ajiye gorarsa, ya miƙa hannu biyu.