Muryar Abu Nawwaf a Cikin Bango

A unguwarmu da ke gefen birnin Irbid akwai wani mutum mai suna Nawwaf. Ɗan gwaggona ne, tare muka tashi. Ba mugu ba ne, hannunsa ma a buɗe yake. Aibinsa ɗaya ne: yana son a ga abinsa a riƙe baki. Idan ya sayi agogo sai ya naɗe hannun riga ko da ana zabga sanyi. Idan ka ba shi shawara zai saurare ka har ka gama, yana gyaɗa kai, sannan ya je ya yi abin da ya ƙudura tun kafin ka buɗe baki.

Ya yi shekaru yana kwangila a Kuwait, ya dawo da abin hannunsa, ya gina sabon gida a filin mahaifinsa. Ya yi wa gidan falon baƙi mai girman da sai ka ɗaga murya kafin na can ƙarshe ya ji sallamarka. Ƙasa farin dutse, bango farin dutse, silin kuwa can sama.

Na ce masa, "Ɗan gwaggo, wannan falo ne ko tashar mota?"

Ya yi dariya har da tafawa. Shi a wurinsa yabo ne na yi.

Mahaifiyarsa, Gwaggo Fidda, wadda kowa ke kira Umm Nawwaf, wato uwar Nawwaf, tana zaune a wani ɗaki a bayan gidan. Ta tsufa sosai, idonta ya yi rauni, wani lokaci takan kira jika da sunan uwarsa. Amma hankalinta na nan. Mijinta, Abu Nawwaf, ya daɗe da rasuwa, abin da ya rage mata na muryarsa kaset ne guda ɗaya da aka ɗauka ranar auren 'yarta Suhaila. A ciki yana hira da baƙi, yana tari, yana dariya, can kuma ya ɗaga murya yana kiranta ta kawo gahawa. Kullum bayan karin kumallo takan ɗora ƙaramar rediyonta a cinya, ta lalubi maɓalli ta danna da kanta. Kaset ɗin yana huci kamar iska a cikin kara. Idan ya ƙare ta kashe, ta yi masa addu'a, ta ci gaba da harkarta. Ta san ya mutu, ta kuma san kaset take ji.

Da aka gama ginin, Nawwaf ya ce falon ba zai cika ba sai da kayan sauti. Ya ja ni muka tafi Amman, wani shago da ake sayar da irin waɗannan kaya. Ya nuna wa mai shagon hoton falon a wayarsa.

Mai shagon ya ce, "Masha Allah, Ustaz. Ai wannan sai a yi sallar Juma'a a ciki. To, hanya biyu ce. Ga waɗannan dogayen lasifikoki biyu, da injin da zai iya tura su. Ka jingina su da bango ɗaya, ka shimfiɗa dardumai masu kauri, ka rataya labule, don dutsen nan naka zai riƙa mayar da sauti. Za su cika ɗakin tsaf."

Ya kunna mana su. Wallahi ban taɓa jin kiɗa ya fita sarai haka ba. Amma Nawwaf ya yatsine fuska.

Ya ce, "Irinsu na gani a gidan surukina. Ta biyun fa?"

"Ta biyun aiki ce. A fasa bango da silin, a binne ƙananan lasifikoki ko'ina, a rufe da raga, a shafe da fenti kalar bangon. Ba akwati, ba waya a fili. Da wayar hannunka za ka kunna. Mutum zai ji murya kamar a bayan kunnensa, ya waiga bai ga kowa ba."

Na ga idon Nawwaf ya kawo haske, na san an gama.

Na ce, "Kai kiɗa kake son ji, ko aljanu kake son kiwo?"

Ya ce, "Kai dai tsaya a rediyon motarka da sai an mare ta take magana. Malam, ta biyun za a yi."

Aka zo aka fasa, aka binne, aka shafe. Da aka gama, ko da fitila ba za ka gane inda lasifikokin suke ba. Daga nan ne wata dabara ta zo masa. Ya ari kaset ɗin mahaifiyarsa da sunan zai goge mata rediyo, ya kai wa masu aikin sauti suka kwafe muryar zuwa wayarsa, suka kuma share hucin nan gaba ɗaya. Muryar ta fito wasai, kamar yau aka yi maganar. Nufinsa ranar walimar buɗe gida ya sake ta a gaban dattawan dangi ba tare da kowa ya sani ba.

Yayarsa Suhaila ce ta fara jin labarin, kuma hankalinta bai kwanta ba. Ina wurin ta same shi.

Ta ce, "Nawwaf, ka bar Umma daga cikin wannan wasan. In ma dole ne, ka fara faɗa mata. Ka kawo ta ita kaɗai, ka ɗora hannunta a kan ragar, ka ba ta wayar ta danna da kanta."

Ya ce, "To ina daɗin abin in ta sani? So nake ta ji shi kamar yana raye. Kyauta ce zan yi mata."

"Ita za ka yi wa kyautar, ko baƙinka? Ni nake kwana da ita idan ba ta da lafiya, na san inda hankalinta yake da rauni."

"Haba Yaya, ke komai sai kin sa masa tsoro."

Ya gyaɗa mata kai kamar yadda ya saba, ya sumbaci goshinta, ya fita.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci dangi suka cika falon. Aka kawo farantan mansaf, wato shinkafa da naman rago, aka ci da hannu a tsaye, aka wanke hannu, aka zauna. Sai Nawwaf ya shiga ciki ya riƙo hannun mahaifiyarsa, ya ce ta zo ta sa wa ɗakin albarka. Ya zaunar da ita a kujera a tsakiya. Ya sa hannu cikin aljihu, inda wayarsa take.

Tari muka fara ji, daga wajen ƙofa. Duk wanda ya san Abu Nawwaf ya san tarin nan, gajere sau biyu sannan gyaran murya. Wani tsoho da ke kusa da ni ya waiga, carbinsa ya faɗi. Sai dariyar ta zo ta bayanmu, sai hirar ta ratsa ɗakin kamar mai ita yana zagayawa yana gaisawa da mutane. Nawwaf yana tsaye yana bin fuskoki da kallo, yana murmushi.

Can muryar ta ɗaga: "Umm Nawwaf, ina gahawar baƙin nan?"

Gwaggo ta miƙe ba tare da kowa ya tallafe ta ba. Ta gyara mayafinta, ta share bakinta da gefensa. Fuskarta ta koma ta mace mai kunyar an kama ta da sakaci.

Ta ce a hankali, "Ka dawo ba a faɗa mini ba? Ga ta nan zuwa."

Ta fita. Nawwaf ya kashe abin, murmushinsa ya tsaya a rabi. Jim kaɗan sai ga ta da butar gahawa a hagu, ƙaramin kofi a dama. Ta zuba, ta miƙa hannu, tana juyawa tana neman inda yake zaune.

Nawwaf ya je ya durƙusa a gabanta. "Umma, kaset ɗinki ne. Na'ura ce a cikin bango. Baba ya rasu, kin sani."

Ta ce, "Kaset ɗina yana ɗaki. Matsa, ubanka yana jira."

Ta tsaya da kofin nan a hannu har ya huce. Baƙi suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tsaya yaba ginin.

Muka ce rikicewar yini ɗaya ce, barci zai warware ta. Bai warware ba. Washegari da hantsi ta dafa gahawa ta kai falon. Da ta ji shiru sai ta ce fushi yake yi saboda ta jinkirta jiya, ta ƙi cin abinci. Suhaila ta kawo mata ƙaramar rediyonta, ta ɗora mata a cinya. Ta ture ta, ta ce, "Me zan yi da akwati, ga mutum a falo?"

Don ta ci abinci, Nawwaf ya sake kunna mata. Ta ci kuwa, har da fara'a. Amma bayan 'yan kwanaki sai ta fara tambaya. Me ya sa ba ya shan gahawar? Me ya sa tana ba shi labarin jikoki ba ya amsawa? Me ya sa kullum magana ɗaya yake maimaitawa? In an kunna ta yi kuka, in an kashe ta yi kuka.

Wata rana da la'asar na shiga gidan, na tarar da ƙofar falon a buɗe. Rana ta shigo ta tagogi ta haske farin dutsen nan, ba kowa a ciki sai ita. Ta manna kunnenta da bango, tana tafiya a hankali, tana shafa shi da tafin hannu, tana ƙwanƙwasawa.

Na ce, "Gwaggo, me kike nema?"

Ta ɗora yatsa a baki. "Yi shiru, ɗan yayana. Yana ciki. Ina jin ba su bar masa ƙofa ba."

Na fita na zauna a mota, na daɗe ban iya tayar da ita ba. Tausayi da tsoro ne suka haɗu mini, har da haushin Nawwaf.

Likitan da aka kai ta wurinsa ya ce a daina kunna muryar, a kuma bi ta sannu a hankali, a raba ta da falon da dabara. Suhaila ta ce za ta ɗauke ta zuwa gidanta na ɗan lokaci, in ya so bayan ta tafi a yi duk abin da za a yi. Nawwaf ya amince da baki. Amma abin ya riga ya tsaya masa a rai, yana son ya kawar da shi a huta. Tun kafin Suhaila ta gama shirya ɗaki, ya kira ma'aikata da safe suka hau cire lasifikokin.

Suna cikin aiki Gwaggo ta shigo da butarta. Idonta ba ya gani sosai, amma ta ga ramuka baƙaƙe jere a bango, da wayoyi suna reto, ta ga mutane suna zaro abubuwa suna sakawa a kwali suna fita da su. Ta ajiye butar a ƙasa. Ta je ta zura hannu cikin ramin da ya fi kusa, ta lalube shi, ta zaro hannun ba komai.

Ta juyo wajen ɗanta. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Nawwaf, ubanka ya dawo gidansa, ka sa an fitar da shi."

"Umma, ki saurare ni."

"Me ya ci maka? Ko gahawar ma bai sha ba."

A ranar ta sa baƙaƙen kaya, ta zauna zaman makoki kamar yau aka yi rasuwar. Suhaila ta zo ta tafi da ita. Nawwaf ya riƙa zuwa kullum, da 'ya'yan itace, da magani, da jikokinta. Tana karɓar jikokin, ta rungume su. Shi kuwa da ta ji takunsa sai ta ja mayafi ta juya wa ƙofa baya. Abubuwa da yawa sun ɓace mata a watannin nan, har sunayen 'yan uwanta, amma wannan bai ɓace ba.

Da sanyi ya shigo ciwo ya kwantar da ita. Aka kira Nawwaf da rana tsaka, ya zo ya durƙusa a bakin gado, ya kama hannunta yana kuka, yana cewa ta yafe masa. Ta buɗe ido ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sai ta zare hannunta, ta juya wajen Suhaila.

Ta ce, "Ki ce wa mutumin nan ya fita. Shi ne ya kori mijina."

Kafin magariba Allah ya karɓi abinsa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk abin da za ka shigo da shi gida, ka fara duba waɗanda ke zaune a cikinsa kafin ka duba waɗanda za su zo su gani su yaba. Baƙo zai riƙe baki na yini ɗaya ya tafi, na gida ne zai zauna da abin da ka jawo. Idan wanda ya fi ka sanin raunin tsohonka ya ce ka dakata, to ka dakata, kada ka gyaɗa kai ka wuce. In kuma ka riga ka yi ɓarna, kada ka yi gaggawar gyara ta don kai ka samu sauƙi. Zuciyar tsoho ba wurin gwada abin mamaki ba ce, kuma akwai gafarar da in ta wuce ka ba za ka sake samun mai ba ka ita ba.