Sarkin da Ya Yanke wa Jemagu Hukunci

An ce wani sarki yana ƙaunar itatuwan ɗorawar ƙasarsa ƙwarai, domin da kalwarsu ake daddawa, da garinsu talaka ke rage yunwar bazara. Da aka kai masa ƙarar jemagu suna afka wa furanninsu da magariba, sai ya sa aka yi shela: duk jemagen da aka gani a kashe. Mafarauta kuwa abin nema ya samu.

A garin akwai wani tsohon masani, Malam Gwadabe, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen nazarin itatuwa da tsuntsaye. Ya yi wa fada nasiha har bakinsa ya gaji, gwiwoyinsa ma sun gaji. Da ya ji shelar ya ce a ransa babu ruwansa, sai ya tuna matan da ke cin abinci da daddawa. Ya ja tsaki, ya ɗauki sandarsa.

Da ya isa fada ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarki ya ce, "Malam, ɓarawon da ya shiga gonarka, me ya cancanta?"

Ya ce, "Ya sarki, sai an duba ko da kaya ya fita, ko da kaya ya shigo."

"Me jemage zai shigo da shi?"

"Ƙurar fure a gashinsa, Allah ya ba ka nasara, daga wannan itace zuwa wancan. In babu ita babu 'ya'ya."

Fadawa suka bushe da dariya. Waziri ya ce tsufa ne ya taɓa Malam. Shi kam ko fushi bai yi ba, ya saba.

Ya ce, "Kada a yarda da ni, a tambayi itacen. A rufe furannin reshe guda da ƙyalle kullum da magariba, a buɗe da safe don ƙudan zuma su sha. Reshen kusa da shi a bar wa jemagu."

Sarki ya ce, "In duka suka yi 'ya'ya, ka bar ƙasata."

"Ya sarki, da na huta."

Aka dakatar da kisan, amma ina! An riga an yi wa jemagu ɓarna. Dogarai suka riƙa hawa suna rufewa suna buɗewa, tsoho yana zaune a gindin itacen yana tsaron su, don bai yarda da su ba.

Da lokaci ya yi sarki ya zo da kansa. Reshen jemagu ya sunkuya da 'ya'ya, wanda aka rufe kuwa 'yan tsiraru ne kawai. Ya duba sauran itatuwan ƙasar, ya ga bana ba su yi rabin na bara ba.

Ya ce, "Malam, na soke dokar. Wace doka zan kafa jemagun su dawo?"

Tsoho ya yi ajiyar zuciya. "Babu, ya sarki. Doka tana kashewa a yini guda, amma ba ta haihuwa. Uwar jemage ɗa ɗaya take haifa a shekara. Jikokinka za su ga ɗorawa ta cika, ni da kai kam da wuya."

Hawaye ya taru a idon sarki. Sannan ya ce, "Mai mulkin da ya yi hukunci kafin ya nemi sani, har wanda yake so ya kare sai ya zalunta."