Kufan Tsakiyar Gona

Akwai wani direba a Doha, Garzali, wanda bakinsa ba ya gajiya da tambaya, sai dai baƙi kawai yake yi wa. Na gida kuwa, gani yake ya fi su sani.

Tun lokacin korona bai je gida ba, ta waya yake tafiyar da gonarsu. Akwai wani tsohon kufai a tsakiyarta, ya sa a kawo katafila ranar Asabar a baje shi. Mahaifiyarsa, Inna Mero, ta ce a bar wurin. Shi kuwa ya ce camfi ne da tsoron aljanu, har suka yi wata guda ba ta ɗaukar wayarsa.

Ranar Alhamis, cunkoson masu kallon gasar cin kofin duniya ya tsare shi a unguwar West Bay tare da Fergal, injiniyan ƙasar Ireland da yake tuƙawa. Kan wayar Baturen ya hango hoton gona, da wani tudu zagayayye mai itatuwan ƙaya a tsakiya.

“Oga, wannan fa?”

“Gidan mutanen da ne, ya fi shekara dubu. A wurinmu ana cewa aljanu ne a ciki. Ko reshe ka karya, shanunka su mutu.”

Garzali ya ƙyalƙyale da dariya. Ashe Turawa ma!

“Kai da iliminka, ka yarda?”

“Ban yarda ba. Amma tarakta ma zagaye shi muke yi. Da na tambayi kakata, ta ce nan ake binne jariran da suka mutu ba a yi musu baftisma ba. Ƙanwarta na ciki.”

Dariyar ta tsaya. Garzali ya ji kunya ta rufe shi, don shi bai taɓa tambayar Inna ba.

Yana sauke Baturen ya kira gida, sai a kira na huɗu ta ɗauka.

“Inna, don Allah me ke cikin kufan nan?”



“Wa ya ce maka aljanu? Yayarka Sahadatu ce a binne a wurin. Kwana tara ta yi a duniya, lokacin muna zaune a can. Ban iya faɗa ba ne, kai kuma ba ka tambaya ba.”

“Khalas, shi ke nan, Inna,” ya ce. “Ba wanda zai taɓa wurin.”

Darasi: Kafin ka kira maganar tsoho camfi, zauna ka tambaye shi dalili, don wani ciwon ba ya faɗuwa sai an tambaya. Tura wa wanda iyayensa ke raye.