Tsakuwar Malam Mahmudu da Jirgin Ikko

Akwai wani mutum a birnin Salvador, can ƙetaren teku inda aka kai bayi, wajen shekarar 1860, Malam Mahmudu, wanda ke cewa da tsakuwa ashirin zai faɗa maka lokacin da kowane ɗan dako zai isa bakin jirgi. Wai ko tururuwa sai ta nemi shawararsa kafin ta ja layi.

Gurabu yake haƙawa a ƙasa a jere, kamar na dara. Kowane gurbi taki ɗaya ne, kowace tsakuwa mutum ɗaya, kuma tsakuwa ba ta matsawa sai gurbin gabanta babu kowa. Dabarar kam ba laifi. Mai ita ne dai sai a hankali.

Lantana mai ƙosai ta shekara ashirin da biyu a bauta kafin ta fanshi kanta. Ta samu wuri a jirgin ruwan da zai tashi zuwa Ikko da azahar, ita da wasu 'yantattu. Kayansu na kan tudu, jirgi na can ƙasa, tsakani kuwa wata siririyar gangara ce da ba a wuce juna a cikinta.

Aka kira Malam Mahmudu ya tsara saukar da kayan. Idirisu, shugaban 'yan dako, ya ce, "Malam, mu sai an kai ƙarshen baitin waƙar dako muke sakin kaya na gaba."

"Waƙa! Ina maganar lissafi kana maganar waƙa? Hanyar nan na auna ta da ƙafata. Ku sauka gaba ɗaya, diddige da diddige."

Lantana na tsoron makara, ta ce, "Yaya Idirisu, a bi ta malam."

Aka bi.

A tsakiyar gangarar akwai wata kwana. Masu ɗaukar akwati a sanda, mutum biyu biyu, sai sun ja baya taki uku kafin sandar ta juya. Ranar kuwa bayansu cike yake. Na farko suka maƙale, na baya na turowa, Lantana na can ƙarshen layi tsakanin bango da bango. Tana kallon teku ta saman rufin gidaje har jirgin ya buɗe filafilansa. Wani jirgin sai bayan wata bakwai.

Da la'asar ta iske Malam Mahmudu tsugune yana jera tsakuwa, yana bayani.

"Lissafina daidai ne, su ne ragwaye. Sau ɗari na sauka gangarar nan."

Lantana ta ce a hankali, "Sau ɗari, Malam? To kwanar, hagu take yi ko dama?"

Ya dubi gurabunsa, miƙe sambal.

"Wace kwana?"

Babu wanda ya yi dariya. Idirisu ya sa ƙafa ya shafe gurabun.

Darasi: Lissafi na da kyau, amma ka taka hanyar kafin ka lissafa ta, ka kuma saurari masu binta kullum, domin ƙaryar mai cika baki wani take cutarwa. Ku tura wa duk wanda kuka san yana auna hanya daga zaune.